Amsoshin Tambayoyinku: Wane Zum Zan Haɗa da Wane?

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoto ne a unguwar Boukoki, nan Yamai. Ina aiki da ƙaramar kamara Canon wadda ta zo da zum 18-55. Yawancin aikina biki ne da suna da walima, amma ina son in fara ɗaukar kokawa. Abin da na tara bai wuce kuɗin lensi biyu na hannu ba. Wasu abokan sana'a sun ce in nemi 24-70 da 70-200 irin na manya, wasu kuma sun ce in sayi 18-200 guda ɗaya in huta. Wace shawara zan bi?

Amsa: Duka shawarwarin biyu akwai gaskiya a cikinsu, sai dai ba a yanka su daidai da kamararka da aikinka ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Mu fara da lambobin. Na farko, irin su 18-55, milimita ne. Ƙaramar lamba tana ɗauko fili mai faɗi, babba tana jawo abu mai nisa. Amma abin da lambar za ta ba ka ya danganta da girman sensa, wato allon da ke karɓar hoto a cikin kamara. Manyan kamarori suna da sensa mai milimita 36 da 24. Taka, tun da da 18-55 ta zo, tana da ƙaramar sensa da ake kira APS-C, wadda ke rage gefen hoton. Don ka san abin da lensi zai nuna maka, sai ka ninka lambarsa da 1.6 idan Canon ce, ko da 1.5 idan Nikon ce ko Sony ko Fujifilm.

Nan ne shawarar farko ta samu tangarɗa. Idan ka ɗora 24-70 a kan kamararka, zai yi aiki kamar 38-112. Ka shiga ɗakin amarya da shi, ga ƙawaye goma sha biyar suna son hoto ɗaya, za ka ja baya har ka jingina da bango ba su shiga duka ba. An ƙera 24-70 ne domin babbar sensa. Takwaransa a wajenka shi ne 17-50 ko 17-55, wanda yake farawa daga kusan 27.

Za ka ce ai 18-55 ɗinka ma kusan hakan yake. Ta fuskar faɗi haka ne, amma ka dubi lamba ta biyu, mai harafin f. Ita ce ke nuna buɗewar lensi, kamar tagar ɗaki: idan lambar ƙarama ce, tagar a wangale take. Naka yana farawa da f/3.5, da ka jawo zuwa 55 sai ya tsuke ya koma f/5.6. Shi kuwa mai f/2.8 ba ya canzawa daga farko har ƙarshe, kuma hasken da yake shigarwa ya ninka na f/5.6 sau huɗu. A rumfar biki bayan magariba, ko a falo mai ƙwai ɗaya, wannan bambanci shi ke raba hoto mai kyau da hoto mai dishi-dishi. Mai f/2.8 yana kuma dusashe abin da ke bayan mutum, fuskar amarya ta fito tas. Canon na da 17-55 f/2.8, Sigma da Tamron na da 17-50 f/2.8 masu sauƙin kuɗi. A nan ya kamata mafi yawan kuɗinka ya tafi, domin da shi kake cin abinci.

Sai lensi na biyu, na nesa. Kokawa da rana ake yin ta, haske ba ya ƙaranci, abin da kake nema shi ne nisa, tun da ba za a bar ka ka shiga tsakiyar fili ba. Zum 55-250 na Canon yana aiki kamar 88-400, nauyinsa bai kai rabin kilo ba, kuma yana ɗorawa daga kusan inda 17-50 ya tsaya. Zai isar maka a filin kokawa, da filin wasa na Seyni Kountché, da masunta a kan kogi. Shi kuwa 70-200 f/2.8 lensi ne na gaske, amma ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, kuma kuɗinsa kaɗai zai cinye abin da ka tara. Idan hali ya samu gaba, 70-200 f/4 yana da kusan rabin wannan nauyi. Kada giɓin da ke tsakanin 50 da 70 ya dame ka, taku biyu ya cike shi.

To 18-200 fa? Masu ba ka wannan shawara sun yi tunanin ƙura, kuma ba su yi ƙarya ba. Gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, yawanci tana faɗowa ne a lokacin hunturu, kuma duk sanda ka cire lensi a cikin wannan iska, ƙura na iya sauka kan sensa ta bar ɗige-ɗige a kowane hoto. Amma araha ba ta ado. Irin wannan zum yana tsukewa zuwa f/5.6 ko f/6.3 a ƙarshensa, kaifinsa kuma yana raguwa. Ya dace da matafiyi, bai dace da mai karɓar kuɗin hoton dare ba. Maganin ƙura shi ne ka san aikin da za ka je, ka ɗora lensin da ya dace tun daga gida. Idan canjin ya zama dole, ka shiga ɗaki ko mota, ka kashe kamara, ka kifa bakinta ƙasa. Kada ka goge gilashi da bakin riga, yashi zai karce shi. Ka fara hure shi da ɗan famfon roba.

Wajen saye, ka tabbatar bakin lensin ya dace da kamararka. Tsofaffin ƙananan Canon masu madubi suna ɗaukar EF da EF-S, sababbi marasa madubi da aka fara fitarwa a 2018 suna ɗaukar RF, kuma lensin RF ba ya hawa tsohuwar kamara. Ka tuna cewa EF-S ba zai hau babbar Canon mai madubi ba, idan kana da niyyar komawa can. Ka je da kamararka ka gwada a gaban mai shago. Ka haska fitilar waya ta cikin gilashin: ƴar ƙura ba komai ba ce, amma idan ka ga farin zare kamar saƙar gizo, funfuna ce, wadda ke kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima irin Kwatano ko Lome. Ka bar shi komai arharsa.

A taƙaice, Malam, ka sayi 17-50 f/2.8 da 55-250, ka sayar da 18-55 ko ka ajiye shi don ɓacin rana. Idan canji ya rage, ka ƙara da filasha mai kyau kafin ka yi tunanin lensi na uku. Allah ya sa wa sana'a albarka.