Ilimin Dabarun Wasa da Gasar Ƙawancen Kamfanonin Jiragen Sama

Gwanin dara ba ya motsa ɗa sai ya auna abin da abokin karawarsa zai yi. Wannan tunani ne masana lissafi suka mayar wani fanni na ilimi, wato ilimin dabarun wasa, wanda John von Neumann da Oskar Morgenstern suka aza harsashinsa a littafinsu na 1944. Abin da ake nufi da "wasa" a nan shi ne duk wani hali da ribar mutum ta dogara ga zaɓinsa da kuma zaɓin wasu. Harkar jiragen sama misali ce mai kyau ta irin wannan hali.

Tarkon rage kuɗin tikiti

A ɗauka kamfanoni biyu suna jigila tsakanin birane biyu, kowanne kuma yana da zaɓi biyu: ya bar kuɗin tikiti yadda yake, ko ya rage. A ƙaddara cewa idan duka suka bar shi, kowa zai ci ribar maki 10. Idan ɗaya ya rage shi kaɗai, zai kwashe fasinjoji ya sami 14, ɗayan ya tashi da 2. Idan kuwa duka suka rage, kowa zai sami 5.

Shugaban kamfani na farko zai yi lissafi kamar haka: in abokin gasa ya bar kuɗinsa, ragewa ta fi, domin 14 ya fi 10. In kuma ya rage, ragewa ce dai ta fi, domin 5 ya fi 2. Na biyu ma haka zai lissafa. Saboda haka duka sai su rage, kowa ya ƙare da 5, alhali da sun haƙura da kowa ya sami 10. Wannan matsaya, inda babu wanda zai amfana idan ya sauya dabara shi kaɗai, ita ake kira daidaiton Nash, da sunan John Nash wanda ya bayyana ta a 1950.

An ga haka a zahiri a Amurka, inda dokar 1978 ta sakar wa kamfanoni mara su yanke kuɗin tikiti da kansu. A watan Mayu na 1992 kamfanin Northwest ya ba da tikiti kyauta ga babban da ya rako yaro. Nan take American ya zaftare rabin kuɗin wasu tikitocinsa, saura suka bi sahu. Jirage suka cika maƙil, amma kamfanonin suka tafka asara.

Dalilin ƙulla ƙawance

Hanya ɗaya ta faɗaɗa kasuwa ita ce kamfani ya sayi wani. To amma dokokin ƙasashe sun taƙaita hakan. Alal misali, Amurka ba ta yarda baƙi su mallaki fiye da kashi 25 cikin ɗari na hannun jari mai ƙuri'a a kamfanin jiragenta ba. Mafita ita ce ƙawance: kowa ya riƙe kamfaninsa, amma ya riƙa sayar da tikitin jiragen abokansa.

A 1997 kamfanonin United da Lufthansa da Air Canada da SAS da Thai Airways suka kafa Star Alliance. Daga nan lissafin saura ya sauya, domin wanda ya tsaya shi kaɗai zai rasa fasinjojin da ke son tikiti guda zuwa wurare masu nisa. Shi ya sa oneworld ta biyo baya a 1999, SkyTeam kuma a 2000. A Afirka, EgyptAir ya shiga Star a 2008, Ethiopian Airlines a 2011, Royal Air Maroc kuma ya shiga oneworld a 2020.

Ina makomar fasinja?

Amsar ta dogara ga hanyar da ake bi. Idan hanyoyin abokan ƙawance suna cika juna, misali Ethiopian ya kai mutum Frankfurt daga Addis Ababa, Lufthansa ya ƙarasa da shi wani gari a Jamus, haɗin kai yakan sauƙaƙa kuɗi, domin ba kowa ne zai ɗora tasa riba ba tare da la'akari da ɗan'uwansa ba. Amma idan a da suna gasa a hanya ɗaya, haɗuwarsu tana rage masu gasa, kuɗi kuma yana iya tashi. Dalili ke nan da ya sa a 2010 Hukumar Tarayyar Turai ta ɗaure British Airways da American da Iberia da alkawarin sakar wa wasu kamfanoni guraben tashi da sauka a Landan.

Ƙawance ba ya dawwama

Masana ilimin halittu ma suna amfani da wannan lissafi tun bayan aikin John Maynard Smith da George Price na 1973. Zakuna maza sukan haɗa kai su ƙwace garke daga wasu mazan, domin zaki guda da wuya ya iya riƙe shi. Haɗin kai irin wannan yana ɗorewa ne muddin ribar zama ta fi ribar ficewa. Kamfanoni ma haka suke. LATAM ya bar oneworld a 2020 bayan da Delta ya sayi kashi 20 cikin ɗari na jarinsa. SAS kuwa, wanda da shi aka kafa Star, ya koma SkyTeam a 2024.

Aiki ga ɗalibai

A sake lissafin kamfanonin nan biyu, amma a ƙaddara cewa hukuma tana cin tarar maki 6 ga duk wanda ya rage kuɗi. Wace dabara kowanne zai zaɓa? Wa zai amfana da wannan doka, kamfanoni ko fasinjoji?