Yadda Ake Gano Taurarin Kasiyofiya a Sararin Arewa

Kasiyofiya sunan wani rukunin taurari ne da ke ɓangaren arewa na sararin samaniya. Taurari biyar ne suka fi haske a cikinsa, suna jere a karkace kamar haƙoran zarto. Yana cikin rukunoni 48 da Batlaimus, masanin taurari na birnin Iskandariya, ya lissafa a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, kuma yana cikin 88 da masana suka amince da su tun 1922. Girkawa sun ce siffar sarauniya ce zaune a kan kujera, shi ya sa Larabawan da suka fassara littafin Batlaimus suka kira ta Zatul Kursiyyi, wato mai kujera. A taswirar taurari da manhajojin waya ana rubuta sunan da Latin, Cassiopeia.

Littattafan da aka rubuta a Turai sukan ce a nemi harafin W. Wanda ya bi wannan shawara a Kano ko Damagaram zai yi ta ɗaga kai a banza, domin a sa'ar da rukunin yake tsaye kamar W, a wannan yanki ya riga ya faɗi. Abin da ake gani a ƙasar Hausa siffa uku ce. Idan ya fito ta arewa maso gabas kamar lamba 3 yake, idan ya kai ƙololuwarsa ya koma M, idan ya gangara arewa maso yamma ya zama kamar E.

Zaɓen dare da wuri

Lokaci mafi kyau shi ne Oktoba da Nuwamba, bayan damina ta ɗauke, gajimare ya janye, hazon hunturu kuma bai yi kauri ba tukuna. A duba kwanan watan Musulunci: daga 20 ga wata zuwa 2 ko 3 ga sabo, farkon dare duhu ne. Daren sha huɗu ba zai hana ganin taurarin biyar ba, amma zai shanye duk ƙananan da ke kewaye da su.

A nemi fili inda gini ko bishiya ba su tare arewa ba, kamar bayan gari, filin makaranta ko saman soro. A kashe fitila, a sa waya a aljihu, a ba ido kamar minti ashirin ya saba da duhu. Kallon fuskar waya sau ɗaya yana rushe wannan sabo, sai an sake jira. Idan tocila ta zama dole, a ɗaura mata jar leda a baki, don jan haske bai cika kashe ido ba.

Fuskantar arewa da awo da hannu

Wanda ya fuskanci inda rana ta faɗi, arewa tana hannun damansa. Sai ya juya can. Ma'aunin da ake bukata yana jikin mutum: a miƙe hannu sosai, a dunƙule shi, faɗin dunƙulen a sama ya kai kusan digiri 10. Daga inda sama ta taɓa ƙasa zuwa tsakar ka dunƙule tara ne, kuma wannan awo yana yi wa babba da yaro aiki, tunda mai ƙaramin hannu gajeren dantse gare shi.

A ƙarshen Nuwamba wajen ƙarfe tara na dare, Kasiyofiya tana daidai arewa, dunƙule huɗu daga ƙasa ga mutumin Kano. A Yamai da Damagaram ta ɗan fi haka tsawo, a Ikko da Ankara ta yi ƙasa da kusan rabin dunƙule. Faɗinta ya ɗan zarce dunƙule ɗaya. Taurari suna rigan lokacinsu na jiya da kusan minti huɗu kowane dare, wato awa biyu a wata. Saboda haka a ƙarshen Satumba da ƙarfe takwas tana ƙasa-ƙasa a arewa maso gabas, a ƙarshen Fabrairu kuma a wannan sa'a tana shirin faɗuwa. A Afrilu da Mayu babu ita a farkon dare. A Yuli da Agusta masu tashi sallar asuba za su same ta a sama, in hadari ya bari.

Sanin taurarin biyar

Idan rukunin ya tsaya kamar M, a fara daga hagu. Ta farko ita ce Kaf, fara mai ɗan rawaya, haskenta yana shekara kusan 55 a hanya kafin ya iso duniya. Ta biyu, wadda ta fi dukansu tsawo, ita ce Shedar, daga kalmar Larabci ta ƙirji. Launinta ya karkata ga ruwan lemo, ana gane haka da ido in an natsu, kuma nisanta ya kai shekarar haske kusan 230. Ta tsakiya masana suna kiranta Gamma, fara mai shuɗi-shuɗi, a nisan shekarar haske kusan 550. Haskenta ba ya zama wuri ɗaya: a 1937 ta haskaka har ta fi sauran haske, daga baya ta dushe. Ta huɗu Rukba ce, wato gwiwa. Ta biyar, Segin, ita ce mai rauni, ita hazo yake fara cinyewa, sai M ɗin ya zama kamar mai ƙafa ɗaya. Ko da sama ta yi garau, gefen daman nan a baje yake, bai kai na hagu tsini ba.

Bambancin nisan ya nuna cewa taurarin ba maƙwabtan juna ba ne. Daga doron duniya kawai suke zama jeri ɗaya.

Amfani da ita wajen gano arewa

Bakin M yana kallon ƙasa. A sauko daga tauraruwar tsakiya kamar dunƙule uku, za a tarar da wata tauraruwa ita kaɗai, matsakaiciyar haske, ba wata mai haske kusa da ita. Ita ce Tauraruwar Arewa, wadda kusan ba ta motsi duk dare, sauran suna kewaya ta. Tsawonta daga ƙasa daidai yake da nisan wurin daga layin da ya raba duniya biyu: digiri 12 a Kano, kusan 17 a Agadas. A Kano dunƙule ɗaya da 'yan kai ke nan, don haka a daren hazo tana iya ɓacewa ɗungurum, amma tsakiyar M ta isa ta nuna inda take. Taurari bakwai ɗin nan masu siffar ludayi, waɗanda Larabawa suke kira Banatu Na'ash, su ma suna nuna arewa, sai dai suna ɗaya gefen ne, kamar guga biyu a kan igiya ɗaya: idan Kasiyofiya tana sama, su suna ƙasa. Da an san arewa an san gabas, alƙibla kuma a ƙasar Hausa gabas ce da ɗan karkatowa arewa.

Labarin da ke bayan sunan

A tatsuniyar Girkawa, Kasiyofiya matar Kefiyus ce, sarkin wata ƙasa da suke kira Itiyofiya. Da wannan suna suna nufin ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Masar gaba ɗaya, ba Habasha ta yau kaɗai ba, wasu marubutan ma sun kai labarin gaɓar tekun Yafa a Falasɗinu. Sarauniyar kyakkyawa ce, kuma ta san da haka. Ta yi alfaharin cewa ta fi 'yan ruwa hamsin, 'ya'yan tsoho Neriyus, kyau. A wata ruwayar 'yarta Andiromeda ta yi wa wannan kirari. Ko wanne ne, baki shi ke yanka wuya, domin ɗaya daga cikin 'yan ruwan, Amfitirite, matar Fosaidon ce, wanda Girkawa suka ɗauka shi ne ubangijin teku. Ya aiko wa ƙasar da ambaliya da wani dodon ruwa, Ketus.

Sarki ya aika neman mafita a wurin duba na Amun, da ke dausayin Siwa a hamadar Masar. Amsar da ta zo ita ce bala'in ba zai kau ba sai an ba dodon 'yar sarki. Talakawa suka matsa, aka ɗaure Andiromeda da sarƙa a jikin dutse a bakin teku. Laifin uwa ne, amma 'ya aka kai.

A nan wani jarumi mai suna Farsiyus ya shigo, yana tafe a iska da takalma masu fukafukai, kan Medusa yana cikin jakarsa. Medusa ita ce mai macizai a madadin gashi, wadda duk wanda ya dube ta yake zama dutse. Ya sare kanta ne yana kallon inuwarta a jikin garkuwarsa. Da ya ga yarinyar, sai da ya fara ƙulla magana da iyayenta cewa in ya cece ta za a ba shi aurenta, sannan ya kashe dodon. Ana cikin biki sai ga Finiyas, ɗan'uwan sarki, wanda aka riga aka yi wa alkawarinta, ya zo da mayaƙa, shi da bai ce uffan ba ranar da aka ɗaure ta. Farsiyus ya zaro kan Medusa, suka daskare suka zama duwatsu. Marubucin wasan kwaikwayo Yurifides ya nuna wasa a kan wannan labari a Atina a shekara ta 412 kafin haihuwar Annabi Isa, amma guntayensa kawai suka rage. Cikakken labarin ya iso ga na baya ne ta hannun irin su Ovid, mawaƙin Rum.

Manyan mutanen labarin an ɗora su a sama, sai dai matsayin sarauniya horo ne. An zaunar da ita kusa da Tauraruwar Arewa, tana kewayawa da kujerarta, rabin lokaci kanta a ƙasa. A Atina, digiri 38 arewa, ba ta faɗuwa ko kaɗan, saboda haka Girkawa suna kallon wannan tozarci. A ƙasar Hausa kuwa ana ganinta ne tana gangarawa da ka a arewa maso yamma, sauran kunyar ƙasa ta rufa mata asiri.

Neman sauran iyalin

Da an riƙe M, sauran sun zo da sauƙi. A hagunsa akwai mijinta Kefiyus, taurari marasa haske sosai masu siffar ɗaki mai tsinin rufi. A damansa Farsiyus yake. A ja layi daga tauraruwar tsakiya ya bi ta Rukba, a ci gaba kamar ninki biyu na tazarar da ke tsakaninsu, za a ga wani ɗan dishi-dishi. Da madubin hangen nesa, ko irin na hannu biyu, sai ya rabu ya zama curi biyu na ƙananan taurari kamar an watsa gero. Can gaba a cikin Farsiyus akwai Algol, daga Larabci Ra'asul Gul, kan dodanniya, wato kan Medusa ke nan. Duk bayan kwana biyu da awa 20 da minti 49 takan dushe na 'yan awoyi, saboda taurari biyu ne suke kewaya juna, mai ƙarancin haske tana gittawa ta gaban ɗayar.

Abin da ya fi cancantar haƙuri yana sama da Shedar. A hau daga ita kai tsaye dunƙule ɗaya da rabi, a kalli wurin da gefen ido, don gefen ido ya fi kama haske mai rauni. Akwai wani ɗan tabo kamar ɓurɓushin auduga a cikin rukunin Andiromeda. Masanin Farisa Abdurrahman as-Sufi ya ambace shi a littafinsa na shekarar 964 a matsayin ɗan ƙaramin gajimare. Wani gungu ne na biliyoyin taurari irin wanda rana take ciki, a nisan shekarar haske kusan miliyan biyu da rabi, kuma yana cikin abubuwa mafi nisa da ido yake iya gani ba da na'ura ba. A cikin gari mai fitilu ba a ganinsa. Dodon ruwa, Ketus, yana kudu, sai an juya baya.

Hannu mai lalle

Larabawan da, kafin littattafan Girkawa su iso musu, ba sarauniya suka gani a nan ba. Sun ɗauki Surayya, wadda Hausawa suke kira Kaza da 'Ya'yanta, a matsayin mace mai miƙaƙƙun hannuwa biyu. Hannu ɗaya ya bi ta cikin Farsiyus, inda tauraruwa mafi haske take da suna Mirfak, gwiwar hannu, ya ƙare a taurarin Kasiyofiya, waɗanda suka kira Alkafful Khadib, tafin hannu mai lalle. Daga nan sunan Kaf ya samo asali. A daren Nuwamba ana iya bin wannan hannu da ido, daga Kaza da 'Ya'yanta a gabas har zuwa yatsu biyar a arewa.

Wuri na ƙarshe da za a duba babu abin da ido zai gani a cikinsa yau. Kamar rabin dunƙule ƙasa da tsakanin Kaf da tauraruwar tsakiya, a daren 11 ga Nuwamba 1572, masanin Denmark Tycho Brahe ya ga sabuwar tauraruwa mai haske kamar Gamzaki, har ana ganinta da rana tsaka. Awon da ya yi ya nuna ta fi wata nisa ƙwarai, abin da ya saɓa wa koyarwar masanin Girka Aristotle cewa samaniyar taurari ba ta canzawa. Tauraruwa ce ta tarwatse. Ta yi ta dushewa har ta ɓace wa ido a farkon 1574, ragowarta kuma sai da na'urorin kama siginar rediyo aka sake gano shi a 1952.