Gajiyar da Barci Ba Ya Maganinta

Wata ɗaliba 'yar aji biyar ta shigo ofishina bayan la'asar, farar rigarta a naɗe a hannu. Ta daɗe a zaune kafin ta ce, "Malama, jiya yaron da aka ba ni in riƙa bibiya ya rasu. Uwarsa tana kuka, ni kuwa abin da ya faɗo min a rai shi ne yau zan koma gida da wuri. Anya ban zama muguwa ba?" Na ce mata, "Ƙanwata, muguwa ba ta zuwa ta yi wannan tambayar. Gajiya ce ta cinye ki."

A aikina na duba masu larurar ƙwaƙwalwa da koyar da ɗaliban likitanci, na sha ganin irin wannan gajiyar rai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamu uku: ƙarfi ya ƙare ƙarƙaf, zuciya ta janye daga aikin, mutum ya riƙa jin ba ya taɓuka komai. Wani bincike a Amurka a 2008 ya same ta a kusan rabin ɗaliban likitanci. A 2016 kuma wani bincike da mujallar JAMA ta wallafa ya tattara bayanai daga ƙasashe 47, aka ga ɗalibai 27 cikin 100 na da alamun ciwon damuwa, 11 cikin 100 sun yi tunanin kashe kansu.

Karatun ɗaya ne, amma kayan da kowa ya ɗauko ya bambanta. A Amurka, wani bincike na 2007 ya gano cewa ɗaliban tsirarun jinsuna ba su fi sauran gajiyar rai ba. Waɗanda ta fi kamawa a cikinsu su ne masu cewa an cutar da su a makaranta saboda launin fatarsu. A 2022 wani bincike da mujallar BMJ ta wallafa ya duba amsoshin ɗalibai sama da 30,000 masu kammala karatu a can, ya ga mata da waɗanda ba fararen fata ba sun fi kokawa da wulaƙanci, kuma wanda ya sha wulaƙanci ya fi saurin gajiya. Ashe yadda ake mu'amala da ɗalibi ne ke karya shi. Wannan ya shafe mu, don 'ya'yanmu da dama na karatun likita a ƙasashen waje, kuma ba mu manta yadda aka riƙa ture ɗaliban Afirka baya a kan iyaka ba lokacin da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022.

Ɗalibar nan tawa tana goyo. Takan kwana a asibiti, ta koma ta ɗora tukunya, ta yi karatu jaririya na kan cinyarta. A ɗakin marasa lafiya ana ce wa abokin karatunta namiji "Likita", ita kuma a ce, "Ke yarinya, kira mana likita." Ranar da ta makara zagayen safe, wani babba ya tambaye ta a gaban majinyata ko ba gara ta zauna gidan mijinta ba. Mazan ma ba su tsira ba: an hore su da haɗiye abu, sai ka ga ɗalibi yana shan ƙwayar hana barci, dangi kaf sun zuba masa ido, ba ya iya cewa ya gaji.

Mu malamai, mu daina fakewa da "mu ma haka aka yi mana." A gyara wa ɗalibi kuskure ba tare da an tozarta shi a gaban majinyaci ba. Makarantu su samar da mai ba da shawara wanda ba shi da hannu a makin jarrabawa, da hanyar kai ƙorafi cikin sirri. Iyaye da mazaje, in ɗalibarku ta ce ta gaji, kada a jefe ta da ragwanta ko raunin imani. A karɓar mata goyo, a bar ta ta yi barci.

Kai kuma ɗalibi, in ka wayi gari kukan uwar majinyaci ba ya taɓa ka, ko ka fara jin gara mutuwa, ka nemi likita a ranar, kamar yadda za ka umarci duk wanda ya zo maka da irin wannan.