Baƙon da ke mayar da kwano sau biyu a wata

Wata mai sayar da abinci a Birnin Ƙonni ta aiko da wannan tambaya: "Akwai wani Ba'indiye da ya zo aikin gyaran injuna, ni nake dafa masa. Ba ya cin nama, wannan na saba. Amma wasu ranaku sai ya mayar mini da shinkafa da wake bai taɓa ba, ya ce azumi yake, alhali ga shi yana cin ayaba da rana tsaka. Raini ne, ko girkina ne bai yi masa ba?"

Hajiya, kwantar da hankalinki, girkinki ba shi da laifi. Alamu sun nuna baƙonki mabiyin addinin Hindu ne mai kiyaye azumin Ekadashi. Su ma da farin wata suke lissafin ibada, sai dai sun raba watan gida biyu, lokacin da yake cika da lokacin da yake raguwa. Rana ta 11 a kowane ɓangare ita ce ranar azumin, wato sau 24 a shekara, ko 26 a shekarar da suka ƙara wata guda don daidaita kalandarsu. A lissafinmu yakan faɗo wajen 10 da wajen 25 ga wata, amma kada ki dogara da ƙiyasi. Ki ce ya nuna miki ranakun, yawancinsu suna da kalandar a waya.

Ranar ta Vishnu ce, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu. Malamansu na cewa mutum yana da ƙofofi 11 da sha'awa ke bi: biyar na ji da gani da sauransu, biyar na aiki irin su hannu da baki, sai zuciya da ke jan ragamarsu. A wannan rana ake so a ja musu linzami, a rage ci da barci da surutu, a yawaita ambaton sunan Vishnu da karatun littafin Bhagavad Gita. Akwai kuma labarin da suke bayarwa cewa ranar Ekadashi zunubi yakan ɓuya a cikin ƙwayar hatsi, shi ya sa hatsi ne abu na farko da suke ƙaurace wa. Ba ƙaramin al'amari ba ne a wurinsu. A jihar Maharashtra, dubban ɗaruruwan mutane kan yi makonni suna tafiya da ƙafa don su isa garin Pandharpur ranar Ekadashin da ke faɗowa a Yuni ko Yuli.

Inda muke ruɗewa shi ne mu mun san azumi da kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Nasu hawa-hawa ne. Wani ba ya cin komai, wani ruwa kawai, wani madara da 'ya'yan itace, wani kuma ya ci sau ɗaya abin da babu hatsi a ciki. Don haka kada ki ce masa "ai wannan ba azumi ba ne". Magana ce mai zafi, kuma ba za ta sayar miki da ko kwano ɗaya ba.

To me za ki dafa? Ki cire gero, dawa, masara, shinkafa, alkama da wake, da duk abin da aka yi da su: tuwo, waina, ƙosai, biredi, taliya. Fura ma ta fita, ko da yake kindirmo zalla ya halatta. A kula da kunun gyaɗa, domin ana sa masa shinkafa. Abin da zai fi yi miki wuya, ke da ke maƙwabtaka da Galmi, garin albasa, shi ne barin albasa. Ita da tafarnuwa duk ba sa shiga tukunyar wannan rana. Dunƙulen ɗanɗano da daddawa ma a ajiye su. Abin da ya rage yana da yawa a kasuwarmu: dankalin Hausa da na Turawa, rogo, doya, gyaɗa, man shanu, madara, dabino, ayaba, gwanda, mangwaro. Dafaffen dankali da aka soya sama-sama a man shanu da gyaɗa, ga kindirmo a gefe, ya wadatar. Wasu ba sa cin gishirin da muka saba sai na dutse, ki tambaye shi. Tukunya da ludayi kuma su zama ba waɗanda suka taɓa nama ko hatsi ba a ranar, kada a soya a man da aka yi ƙosai.

Rana ɗaya ce nake so ki sa ido a kanta. Ana kiran ta Nirjala, tana zuwa a Mayu ko Yuni, kuma masu kiyaye ta ba sa shan ko ɗigon ruwa har wayewar gari. Kin san zafin Ƙonni kafin damina ta zauna. Idan kika ga jiri na ɗibar sa, ko maganarsa ta fara rikicewa, a kai shi inuwa a nemi likita ba tare da jinkiri ba, musamman in yana da ciwon suga. Addinin nasa ma ya sassauta wa marar lafiya da tsoho.

Buɗa-baki sai washegari bayan fitowar rana, cikin wani ɗan lokaci da kalandarsu ke ƙayyadewa, kuma da hatsi ake yin sa. Saboda haka ranar ki ɗora shinkafarsa da sassafe, kada ki bari sai azahar.