Mu Koyi Kalma: Tsunami

Jama'a, kalmarmu ta wannan wata ita ce tsunami. Kuna jin ta a rediyo. Karanta ta ba wuya, domin da "tsu" ta fara, kamar tsuntsu da tsumma. Turawa da yawa "sunami" suke cewa, don harshensu bai saba da "tsu" a farkon kalma ba.

A Turanci, tsunami na nufin manya-manyan raƙuman ruwa da ke tasowa daga teku su afka wa gari. Amma kalmar ba ta Turawa ba ce. Aro ta suka yi daga mutanen Japan, kamar yadda muka ari "mota" daga wurinsu. A harshen Japan, "tsu" shi ne tashar jiragen ruwa, "nami" kuwa raƙumin ruwa.

Me ya kawo tasha cikin sunan? An ce masunta ne kan fita kamun kifi can tsakiyar teku, ba su ga komai ba. Da sun dawo, sai su tarar ruwa ya share tasharsu da gidajensu. Dalili shi ne, yawanci girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku ke tayar da ruwan. A wuri mai zurfi ba ya tashi sama sosai, sai dai gudu, kamar kilomita 800 a awa ɗaya. Da irin wannan gudu, Kaduna zuwa Zariya minti shida ne. Sai ya iso gaɓa yake miƙewa, wani lokaci ya fi bene tsawo.

Ran 26 ga Disamba, 2004, tsunami ya taso kusa da tsibirin Sumatra a Indonesiya. Mutum fiye da 200,000 suka rasu a ƙasashe da dama. Ruwan har Somaliya ya kai.

To, a kula. In Kogin Kaduna ya cika da damina, za ka ji wani a Nasarawa ko Barnawa yana cewa tsunami ya zo. Ba shi ba ne. Mu nan ba mu da teku. Namu sunansa ambaliya, ruwan sama ke kawo ta, kuma takan ba da alama. In ka ga kogi na ta hauhawa a Agusta ko Satumba, kwashe iyali da hatsi zuwa tudu tun da rana, kada ka jira dare.

Aiki: Rubuta tsunami sau uku. Sannan ka gaya wa malaminku bambancinsa da ambaliya.