Manhajojin Tantance Salon Haruffa da Makomar Haruffa Masu Lanƙwasa a Kundin Bincike

Sau da yawa ɗalibi kan kammala kundinsa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ya kai wa masu ɗab'i a Sabon Gari, sai ya tarar kalmar ƙasa ta koma }asa, ɗaya kuma ta zama ]aya. Akan ɗora wa mai ɗab'i laifi, alhali matsalar tana cikin fayil ɗin tun daga gida.

Tsofaffin salailan haruffan Hausa, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, sun yi wa harshen hidima a lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ ba. Dabararsu ita ce aron gurbin wasu alamomi a zana haruffa masu lanƙwasa a kansu. Ido yana ganin ƙ, amma kwamfuta baka ta adana. Da zarar fayil ya isa na'urar da ba ta da salon, sai asiri ya tonu. Ko a na'urar marubucin ma, neman kalmar ƙasa ba zai gano ta ba.

Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, sai ƴ 01B4 da ake amfani da shi a Nijar. Gwaji mafi sauƙi yana cikin Microsoft Word: a ajiye alamar rubutu bayan harafin, a danna Alt da X tare. Idan 0199 ta fito, ƙ ɗin na gaske ne. Idan 007D ce, aro ne.

Mataki na biyu shi ne tabbatar da cewa salon da aka zaɓa yana ɗauke da haruffan, domin Word yakan aro harafin da ya rasa daga wani salon ba tare da sanarwa ba, shi ya sa ake ganin ɗ ya bambanta da maƙwabtansa a tsakiyar kalma. Character Map na Windows yana nuna abin da salo ya ƙunsa, amma BabelMap ya fi shi amfani, don yana lissafa salailan da ke da harafin da ake nema. A duba manyan baƙaƙe Ɓ, Ɗ da Ƙ, da rubutun gicciye da mai kauri, domin a nan aka fi samun giɓi. Charis SIL da Andika da Noto Serif kyauta ne, kuma suna da su duka.

Kafin a tafi Sabon Gari, a mayar da kundin PDF, a buɗe bayanan fayil a Adobe Acrobat Reader, a tabbatar an cusa kowane salo a cikinsa.