Ka Rage Rassa, Ɗana

Ɗana, kada kowa ya sa ka ji kunyar burinka. Saurayin da ya gama bautar ƙasa yana son aikin yi, yana son ya ƙara karatu, ya buɗe shago, ya yi aure, ya gyara wa iyayensa ɗakin da damina ta ci, ya kuma yi wa Ubangiji hidima a ikilisiya, lafiyarsa ƙalau. Wanda ya kamata a zauna a yi wa addu'a shi ne wanda ba ya son komai. Abin da ke damuna game da kai shi ne kana son su duka a shekara guda. Daren 31 ga Disamba kuna cika majami'a, kowa da takardarsa, an jera abu goma ko fiye, fasto ya yi addu'a, mu ce amin da ƙarfi. Kafin Ista takardar ta shige tsakanin shafukan Zabura, ba wanda ya ƙara waiwayarta. Shekara ta zagayo a sake rubuta abubuwan nan dai, amma da zuciyar da ta ɗan ƙara yin sanyi. Wannan sanyin nake tsoro, domin daga nan ne matashi yake fara cewa Allah ba ya jin addu'arsa.

Bari in ba ka labarin abin da ya faru a ƙasar Maradi. A farkon shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Nijar ƙarƙashin mishan ta SIM. Ya tarar ƙasa ta yi fayau. An sare itatuwa, iska na kwashe ƙasar gona, rairayi na binne gero tun yana ɗan tsiro, har manomi ya yi ta maimaita shuka a damina ɗaya. Ya duƙufa rainon dashe yana kaiwa ƙauye-ƙauye, amma yawancinsu ba sa kai labari: rana ta ƙona, awaki su ci, gara ta ƙarasa. A 1983, yana kan hanya da dashe a mota, ya tsaya rage iskar tayoyi saboda rairayi. Zuciyarsa ta karaya, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai hankalinsa ya kai kan wani ɗan cunkuson ganye a gefen hanya, irin wanda ya sha wucewa bai ɗauke shi a bakin komai ba. Da ya matsa ya duba ganyen, ashe itace ne da aka sare. Kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa tana shan ruwa, kowace shekara yana tsiro, kowace shekara kuma a sassabe shi kafin shuka.

Abin da manoman yankin suka koma yi, wanda ake kira sassabin zamani, ba shi da wuya. Mutum ya tsuguna gaban kututturen kalgo ko sabara, ya tarar tsiro birjik sun fito suna ƙwacen abinci. Ya duba da kyau, ya zaɓi waɗanda suka fi miƙewa da ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, ya sa adda mai kaifi ya cire sauran. Daga ƙasa yake saran zuwa sama, don kada ɓawo ya tsage ya ji wa wanda aka bari ciwo. Ya datse ƙananan rassan gindi, wani har ya ɗaura ƙyalle don a san itacen yana da mai shi. Bayan 'yan watanni ya dawo ya sake. Da farko an yi ta yi musu dariya, don a lokacin gonar manomin kirki ita ce wadda ba itace ko ɗaya a cikinta. Yau ana ƙiyasta cewa hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maradi da Damagaram, sun sake yin itatuwa kusan miliyan 200, kuma ba dasa su aka yi ba.

Ubangijinmu Yesu ya yi magana mai kama da wannan a Yohanna sura 15, da misalin kuringar inabi. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi a wurin shi ne, reshen da ke ba da 'ya'ya shi ma wuƙar manomi tana taɓa shi, don ya ƙara bayarwa. Tsiron da ake cirewa a gonar Maradi ba matacce ba ne, ɗanye ne shar, shi ya sa hannu ke nauyi wajen saransa. A cikin abubuwan da ka jera babu zunubi ko ɗaya. Amma ƙarfinka ɗaya ne, aljihunka ɗaya ne, yininka ma awa 24 ne kamar na kowa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Wanda ka ajiye bana ba ka kashe shi ba, saiwar tana nan, lokacinsa zai zo.

To yaya za ka san wanda za ka bari? Ina so ka zauna da littafin Nehemiya, sura shida na farko, ka karanta a hankali, ba irin karatun da ake yi don a ce an yi ba. Nehemiya mai ba sarki abin sha ne a fadar Shushan, zamanin Sarki Artashate na Farisa, wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu. Da ɗan'uwansa Hanani ya kawo labarin cewa garun Urushalima a rushe yake, ƙofofinsa a ƙone, ya zauna ya yi kuka, ya yi azumi. Ka lura da inda addu'arsa ta fara: da girmama Allah, sai furta zunubinsa da na gidan ubansa. Ka kuma lura cewa burin da ya kama zuciyarsa ciwon jama'a ne, shi kam yana cikin daula a fada. Wannan ma'auni ne mai kyau. Cikin burinka, wanne ne idan ya cika wasu za su huta, ba kai kaɗai ba? Wanne ne kuma za ka iya faɗa a gaban Allah dalilinka na sonsa ba tare da ka sunkuyar da kai ba? Akwai burin da gasa da sa'o'i ce kawai ta haife shi, kuma irinsa ba ya jure addu'a ta gaskiya.

Wajen wata huɗu Nehemiya ya yi kafin ya buɗe baki gaban sarki. Ranar da sarki ya tambaye shi abin da yake so, bai yi kame-kame ba. Ya faɗi lokacin da zai ɗauka, ya nemi wasiƙu zuwa ga gwamnonin da zai ratsa ƙasarsu, ya nemi wata zuwa ga Asaf mai tsaron kurmin sarki don a ba shi katako. Mutumin da ya san sunan mai tsaron kurmi, ba azumi kaɗai ya yi a watannin nan ba, ya yi tambaya, ya yi lissafi. Kai da kake roƙon shago, nawa ne hayar shekara a layin da kake so? Ina ake sarin kayan, wa zai saya, ribar wata za ta biya haya ta ciyar da kai? In karatu ne, yaushe ake rufe fom, nawa ne kuɗin zango, wa ya yi alkawarin taimako, kuma alkawarin na gaske ne ko na baki? Wasu suna ganin irin wannan lissafi rashin bangaskiya ne. Yesu da kansa, a Luka sura 14, ya kawo misalin mai son gina hasumiya wanda ya kamata ya fara zama ya ƙididdige kuɗin, kada ya kafa tushe ya kasa gamawa, masu wucewa su yi ta yi masa ba'a.

Akwai wani wuri a labarin da nake ƙauna ƙwarai. Da ya isa Urushalima ya yi kwana uku bai gaya wa kowa abin da ya kawo shi ba. Sai ya tashi da dare, shi da 'yan mutane kaɗan, ya hau dabbarsa ya bi garun yana dubawa, har ya kai inda tarin ɓaraguzai ya hana dabbar wucewa. Da idonsa ya ga girman ɓarnar kafin ya tara manya ya yi musu magana. Kai ma akwai zagayen dare da ke jiranka, kai da Allah kaɗai. Ka duba makarar da ta zame maka jiki, da saurin fushin da ya raba ka da maigidan da ka fara koyon aiki a wurinsa, da bashin da ka ci ka daina ɗaga waya. Waɗannan ne suka fi rashin jari tare maka hanya. Kada kuma ka yi saurin shelar shirinka a Facebook, yabon mutane yakan ƙosar da mutum tun bai ɗaga cebur ba.

Da aiki ya kankama, maƙiyansa Sanballat da Geshem suka aiko masa ya zo su gana a filin Ono. Sau huɗu suna aikowa, sau huɗu yana mayar musu cewa aiki ba zai tsaya saboda zance ba. Masu kiranka ba lalle su zama maƙiya ba. Wani lokaci majalisar mai shayi ce, wani lokaci wayar da ke aljihunka. Wani lokaci ma mu ne dattawan ikilisiya, kuma wannan magana tamu ce mu ji: da zarar mun ga yaro mai biyayya sai mu jibga masa ƙungiyar mawaƙa, da zumuntar matasa, da makarantar Lahadi, da kwamitin gini, kowane maraice yana coci, jarrabawa kuma na ƙaratowa. Ka riƙe hidima ɗaya ka yi ta da aminci. Sauran ka durƙusa cikin ladabi ka ce, Baba, a yi mini haƙuri zuwa baɗi. Dattijon kirki zai sa maka albarka.

An gama garun cikin kwana 52, kuma wannan ne kowa ke tunawa. Ni sura ta 5 ta fi tsaya mini a rai. Ana tsakiyar gini talakawa suka kawo kuka cewa 'yan'uwansu masu hali sun karɓe gonakinsu jingina, har 'ya'yansu sun shiga bauta. Nehemiya bai ce a bari sai an gama gini ba, ya tara jama'a ya sa aka mayar. Shi kansa shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba, don kada ya ƙara wa mutane nauyi. Allah yana duban garun, yana kuma duban hannun da ke gina shi. Saboda haka duk hanyar da za ta kai ka ga burinka amma ta bi ta kan ƙarya, ko takardar jabu, ko kuɗin wani, ba amsar addu'arka ba ce, ko da wa ya yi maka annabci a kai. A Disambar 2016, lokacin da MMM ta rufe asusun mutane a Nijeriya, masu bi da yawa na cikin waɗanda kuɗinsu ya maƙale. Yau kuma cacar ƙwallo ta waya ce ke cin jarin samari naira ɗari-ɗari. Baiko da zakka kuwa godiya ce da biyayya, kada wani ya mayar maka da su cinikin da ake zuba dubu a kwashi miliyan.

Za ka gaji da jira, wannan babu shakka. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. A shekaru 13 ɗin nan ya riƙe gidan Fotifar, ya riƙe kurkuku, ya guje wa matar maigidansa, kuma a nan ya koyi abin da ya riƙe rumbunan Masar da shi. Haƙuri da aminci da kamun kai, waɗanda Bulus ya lissafa cikin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa sura 5, ba a samunsu a taron farkawa na kwana uku. Suna nuna ne a hankali, a wurin wanda ke buɗe Littafi da asuba kafin ya buɗe waya, ya isa wurin aiki kan lokaci, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita ko da ba mai dubawa.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai burin da mai shi ba ya ganin cikarsa. A Disambar 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kawo bishara cikin ƙasar nan. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake gwadawa a 1900 bai yi nasara ba, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. Daga wannan aiki ne ECWA ta fito a 1954, kuma mishan ɗin nan, wato SIM, ce ta aika mutumin da ya tsaya gaban kututture a Maradi. Gowans da Kent ba su ga ko ɗaya ba, amma ba wanda zai ce sun yi asarar ransu. Shi ya sa Yakubu a wasiƙarsa ya koya mana mu riƙa jingina shirinmu ga yardar Ubangiji, kuma da zuciya ake yin haka, ba da baki kawai ba.

Yanzu ga roƙona. A makon nan ka keɓe yini ɗaya na azumi, ka zaɓi abu ɗaya, in ya yi yawa biyu. Ka nemi mutum mai tsoron Allah da ya riga ka bin wannan hanya, ka je har inda yake ka gaishe shi, ka ba shi izinin tambayarka kowane ƙarshen wata ina ka kwana. Bashin nan kuma ka je ka sami mai shi ido da ido, ko rabi ne ka kai masa, ka faɗi ranar cikon. Ubangiji ya riƙe hannunka, ɗana, ni ma ina nan ina yi maka addu'a.